VPN Ya Haɗu, Faifan Ofis Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Ma'aikaci yana zaune a Marwa ko Kuseri, fayilolin aikinsa kuwa suna cikin sabar hedikwata, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, a Garwa, Yawunde ko Njamena. Ya kunna VPN, wato manhajar da ke buɗe masa keɓaɓɓiyar hanya ta intanet zuwa cikin ofis, manhajar ta yi kore ta rubuta masa Connecté. Ya danna faifan Z:, wato foldar sabar da ke bayyana a kwamfutarsa kamar faifai, sai ga jan kuros, ko dogon jira, daga ƙarshe Windows ta ce ba ta ga hanya ba. Daga nan sai a shiga kame-kame: a kashe kwamfuta a kunna, a cire manhaja a sake sakawa, a ɗora wa rezo laifi. Rabin yini ya tafi, rahoton da ake jira bai tafi ba.

Koren nan shaida ɗaya tak yake bayarwa, wato kwamfutarka ta gaisa da na'urar da ke tsaron mashigar ofis. Bai ce akwai hanya daga nan zuwa sabar ba, bai ce sabar ta gane ka ba, balle ta yarda ka shiga folda. Kowanne yana da gwajinsa na minti ɗaya ko biyu, kuma idan ka bi su a jere, inda gwaji ya fara faɗuwa nan ciwon yake. Misalan na Windows 10 da 11 ne, kuma tunda yawancin kwamfutocinmu Faransanci suke yi, zan kawo saƙonnin yadda za ka gan su a allo.

Kafin ka taɓa komai

Kira wani da ke zaune a cikin ofishin ka tambaye shi ko faifan yana buɗewa a wajensa. Idan shi ma ya ƙi, kai ba ka da abin gyarawa. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, wuta takan ɗauke, batirin ajiya ya ƙare, sabar ta mutu. Wuta ta dawo, na'urar VPN ta tashi da kanta, akwatin ajiyar fayiloli kuwa yana nan a kashe sai wani ya je ya danna shi.

Sannan ka tabbata wane VPN ka kunna. A Chadi mutane da yawa sun san VPN ne lokacin da aka toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, irin na kyauta da ake saukewa a waya. Wannan yana fitar da kai ta wata ƙasa ne don ka shiga Facebook ko WhatsApp, ba ya kai ka cikin ofishinku. Na ofis mai kula da kwamfutocinku ne zai ba ka, ko OpenVPN, ko WireGuard, ko FortiClient, ko wanda ke cikin Windows. In kana da na kyautar a kwamfuta, kashe shi, domin biyun rigimar hanya suke yi. Haka kuma VPN da ka kunna a waya ba ya bin kwamfutar da ka jona wa intanet ta wayar. Dole a kwamfutar kanta yake.

Yanzu danna maɓallin Windows da R, rubuta cmd, sannan:

ipconfig /all

Buɗe tagar cmd ɗin a matsayin mai amfani na yau da kullum, ba administrateur ba, don tagar administrateur ba ta ganin faifan da ka haɗa da sunanka. Nemo sashen VPN. Ya kamata ka ga adireshi irin 10.8.0.6. Idan babu adireshi, ko ya fara da 169.254, haɗin bai kammala ba, kashe ka sake kunnawa. Rubuta abu uku a takarda: adireshin VPN, adireshin Wi-Fi ɗinka, da na Serveurs DNS, wato na'urorin da ke mayar da suna zuwa adireshin lambobi.

Akwai hanya zuwa sabar?

Karɓi adireshin sabar na lambobi daga mai kula da ita. A ce 192.168.1.20 ne.

ping 192.168.1.20

Réponse de yana nufin ta amsa. Délai d'attente de la demande dépassé yana nufin shiru, amma shirun bai isa hujja ba, domin akwai sabar da aka hana ta amsa ping da gangan. Gwajin da na fi yarda da shi a PowerShell ake yin sa, wata tagar umarni ta Windows kamar cmd. Raba fayiloli a Windows da ƙa'idar SMB yake aiki, ita kuma ta ƙofa mai lamba 445 take bi, don haka ƙofar za ka ƙwanƙwasa:

Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 445

Layi biyu za ka duba. TcpTestSucceeded in ya ce True, hanya lafiya, wuce zuwa batun suna. In ya ce False, dubi InterfaceAlias, wanda ke faɗa maka ta inda saƙon ya fita. Idan Wi-Fi ka gani maimakon sunan VPN, saƙonka bai ma shiga VPN ɗin ba.

Babban mai jawo haka shi ne karon adireshi, kuma ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Na'urorin intanet na gida da na otal yawancinsu suna fitowa daga masana'anta da 192.168.0 ko 192.168.1, ƙananan modem na Huawei da ake sa wa layin waya kuma 192.168.8. Ofisoshi da dama su ma haka aka bar nasu tun ranar da aka kafa. To idan Wi-Fi ɗin ɗakinka ya ba ka 192.168.1.34, sabar kuma tana 192.168.1.20, kwamfutarka za ta ɗauka sabar tana nan kusa da kai a gida, ta yi ta kiranta a cikin ɗaki, ba wanda zai amsa. Kwatanta lambobi ukun farko na abin da ka rubuta a takarda da na sabar. In sun zo ɗaya, ka kama ɓarawon.

Tabbatarwa ba wuya: sauka daga Wi-Fi ɗin, jona ta wayarka, sake kunna VPN. iPhone tana raba adireshi mai farawa da 172.20.10, wayoyin Android ma ba kasafai suke faɗawa kan 192.168.1 ba. In faifan ya buɗe, magana ta ƙare. Gyara na dindindin a gida shi ne ka shiga shafin saitin na'urarka ka canza adireshinta zuwa wani abu kamar 192.168.57.1. A otal ba ka da wannan iko, sai ka zauna a kan waya. A ganina gyaran gaskiya na ofis ne. Duk ofishin da ke da ma'aikata masu yawo tsakanin Ngaundare, Garwa da Marwa ya kamata ya ƙaura daga waɗannan lambobi na kowa da kowa, ko da zai ci masa aikin Asabar ɗaya.

Idan babu karo amma saƙon yana fita ta Wi-Fi, rubuta route print ka nemi lambobin ofis a jerin. In ba su nan, an saita VPN ɗin ne ya ɗauki wasu hanyoyi kawai aka manta da ta sabar. A WireGuard layin AllowedIPs ne ke riƙe da wannan, a OpenVPN kuma daga can ofis ake turo hanyar. Aikin mai kula ne.

Saura hali na uku: InterfaceAlias ya nuna VPN, amsa kuma False. Nan matsalar tana cikin ofis. Katangar tsaron Windows a kan sabar takan buɗe ƙofa 445 ga maƙwabtanta na cikin gida kawai, kai kuma da ka zo da 10.8.0.6 baƙo ne a wajenta. Ko kuma saƙonka ya isa, sabar ta rasa ta inda za ta mayar da amsa saboda ba a nuna mata hanyar komawa ba. Ba abin da za ka danna daga Kuseri ya gyara wannan. Kada ka kashe katangar tsaron kwamfutarka kana gwaji, ba ita ba ce.

Lamba ta yi, suna ya ƙi

Danna Windows da R ka rubuta:

\\192.168.1.20\Kudi

A allon rubutu na AZERTY, karkatacciyar sandar nan da AltGr da 8 ake fitar da ita. Idan folda ta buɗe da lamba amma \\sabar1\Kudi ya ƙi, yana ba ka Erreur système 53 ko 0x80070035, wato Le chemin réseau n'a pas été trouvé, to kwamfutarka ba ta san wa za ta tambaya ma'anar sunan ba.

A cikin ofis gajeren suna yana aiki ko ba a saita komai ba, domin kwamfuta takan yi shela ne ga duk na kusa, mai sunan ya amsa. Shelar nan ba ta ƙetare VPN. Shi ya sa ma in ka buɗe Réseau daga nesa za ka tarar wayam, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Daga nesa sai DNS na ofis. Gwada:

nslookup sabar1.kamfani.lan

Dubi wanda ya amsa a layin Serveur. In modem ɗinka ne, irin 192.168.8.1, ka tambayi wanda bai taɓa jin sunan ba. Fara da ipconfig /flushdns don share tsohuwar amsa, sannan ka haɗa faifan da cikakken suna maimakon gajere. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. In bai yi ba, Windows tana fifita Wi-Fi ne a kan VPN wajen tambaya. Get-NetIPInterface zai nuna lambar fifikon kowanne, ƙaramar lamba ita ce gaba, kuma a PowerShell na administrateur ana rage ta VPN haka:

Set-NetIPInterface -InterfaceAlias "sunan VPN" -InterfaceMetric 5

Wasu sukan rubuta suna da lamba da hannu a fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc. Yana aiki, amma ran da aka canza adireshin sabar ba wanda zai tuna da layin nan, a kwana ana nema. Zama a kan lamba har abada ma ban ba da shawara ba. Da lamba Windows takan bar Kerberos, tsarin da sabar ke tantance mai shiga da shi, ta koma tsohuwar NTLM, wadda wasu ofisoshi suka rufe, kuma faifan da aka gina a kan DFS, tsarin da ke tara foldojin sabar da yawa ƙarƙashin suna ɗaya, sai da suna yake tafiya.

Sabar ta ji ka, ba ta gane ka ba

In aka fara tambayarka kalmar sirri ana maimaitawa, ko ka ga lamba 86 ko 1326, ka ci rabin tafiya. Abu na farko mai sauƙi ne: harshen allon rubutu. Kwamfutocinmu gauraye suke, wasu daga Faransa wasu ta Najeriya suka shigo. Tsakanin AZERTY da QWERTY, a da q sun yi musanya, z da w haka, m ta ƙaura, lambobi kuma a AZERTY sai an riƙe Shift. Rubuta kalmar a wurin da ido ke gani ka tabbata abin da kake bugawa ne ke fitowa. Sunan shiga kuma a haɗa shi da na yankin ofis, KAMFANI\suna.

Sai tsohuwar kalmar sirri da Windows ta adana. Ka canza ta a ofis wata biyu da suka wuce, kwamfuta tana ta aika tsohuwar a ɓoye har a kulle maka asusu. Adana duk abin da ka buɗe daga faifan, sannan:

net use * /delete

cmdkey /list

Na farkon yana yanke duk haɗin da ke akwai, kuma shi ne maganin lamba 1219, wadda ke fitowa idan ka nemi shiga sabar ɗaya da sunaye biyu. Na biyun yana nuna abin da aka adana. Shiga Gestionnaire d'identification ka goge duk mai ɗauke da sunan sabar ko lambarta, sannan ka haɗa sabo:

net use Z: \\sabar1.kamfani.lan\Kudi /user:KAMFANI\suna * /persistent:yes

Tauraron yana sa a tambaye ka kalmar sirri ba tare da ta bayyana a allo ba. Idan kwamfutar ta ofis ce kuma an canza maka kalmar kana nesa, kunna VPN, kulle allo da Windows da L, ka buɗe da sabuwar. Haka za ta karɓe ta.

Agogo kuma, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakaninka da sabar, a saitinsa na asali. Kamaru da Chadi duka suna kan UTC+1 shekara zagaye. Faransa tana kan UTC+1 da sanyi, amma daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba takan koma UTC+2. Kwamfutar da ta zo saitin Paris za ta tsallake da awa ɗaya a ƙarshen Maris. Mai ita ya ga agogo ya yi gaba, ya ja shi baya da hannu, allo ya nuna daidai, amma a lissafin da sabar ke dubawa ya kauce da awa guda cur. Gyaran shi ne a canza yankin lokaci zuwa na tsakiyar Afirka ta yamma, UTC+01:00, a bar agogo ya saita kansa. In kuwa duk sanda aka kunna kwamfuta kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, yawanci CR2032, mai gyara zai canza shi nan take.

Erreur système 5, Accès refusé, magana ce daban: an gane ka, ba a ba ka izini ba. Izinin hawa biyu ne, na rabawa da na folda kanta, kuma wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Mai kula ne zai duba. In ya ce ya saka ka a rukunin yanzun nan amma har yanzu an hana ka, tikitin Kerberos da ke hannun kwamfutarka, wato shaidar shigarka, tsoho ne. Rubuta klist purge, yanke faifan ka sake haɗawa.

Akwai kuma ofisoshin da ke da tsohon akwatin ajiya da bai iya komai ba sai SMB1, ko wanda ake shiga ba kalmar sirri. Tun fitowar 1709 ta Windows 10, a 2017, Microsoft ta fara daina kunna SMB1 a sabon saiti, kuma Windows 11 24H2 a nau'in Pro ta wajabta sa hannu a kan saƙonnin SMB, ta kuma rufe shigar baƙo, wato shiga ba kalmar sirri. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta ke shiga, sabuwa ta ƙi. Za a ce maka ka kunna SMB1 ka huta. Kada ka yi. Ta wannan kafa WannaCry ta bi a Mayu 2017 ta kulle fayilolin asibitoci da kamfanoni a ƙasashe da dama. A sabunta akwatin ya yi SMB2 ko SMB3, a buɗe wa kowa asusunsa.

Yana buɗewa, sai ya sandare

Wannan ya fi kowanne cin rai. Ping yana amsawa, jerin foldoji ya fito, amma da ka taɓa babban fayil sai komai ya tsaya cik, wani lokaci da lamba 64. Ka yi zargin girman ƙunshi. Bayanai a ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, iyakar kowanne bayit 1500 a layin da aka saba. VPN yana ƙara nasa lulluɓi a kai, layin waya ma yakan ci nasa. Kamar lungu ne da babur ke wucewa salin-alin, amma motar da aka yi wa lodin buhuna ta maƙale. Ga yadda ake auna faɗin lungun:

ping 192.168.1.20 -f -l 1472

In ka ga Le paquet doit être fragmenté, ko shiru alhali ping na kullum yana amsawa, rage zuwa 1400, 1360, 1300, har ya wuce. Nemo mafi girman da ke wucewa ka ƙara masa 28, abin da ya ba ka shi ne MTU ɗinka. Idan 1332 ne ya wuce, 1360 ke nan. A tagar administrateur:

netsh interface ipv4 show subinterfaces

netsh interface ipv4 set subinterface "sunan VPN" mtu=1360 store=persistent

WireGuard yakan fara da 1420, kuma ana canza shi da layin MTU a fayil ɗin saiti. A OpenVPN mssfix ne. Wasu manhajojin sukan mayar da nasu duk sanda aka haɗa, don haka ka faɗa wa mai kula lambar da ka samo ya saka ta daga tushe.

In ba sandarewa ba ce, nauyi ne kawai, yi ping -n 50 ka dubi ƙunshi nawa suka ɓace da tsawon lokacin amsa. SMB mai yawan kai-da-kawo ce, fayil ɗaya sai ta yi tambaya da amsa barkatai, saboda haka jinkiri ya fi cutar da ita fiye da ƙarancin gudu. Wayoyin teku a kudu suke sauka, Duwala, Limbe da Kribi, mu kuma muna can arewa. Idan ƙungiyarku ta ajiye mashigar VPN ɗinta a Turai, kowace tambaya sai ta gangara teku, ta je, ta dawo. Masu zama bakin iyaka, Kuseri da Njamena, su duba ko wayar ta kama rezon ƙetaren kogi. In kana da layi biyu, MTN da Orange ko Airtel da Moov, gwada ɗayan, don ba hanya ɗaya suke bi ba.

A irin wannan layi, sauya yadda kake aiki ya fi kowane saiti amfani. Kada ka buɗe babban Excel kai tsaye daga faifan. Kwafo shi, yi aikinka, mayar, kuma ka sanar da abokan aiki don kada mutum biyu su gyara abu ɗaya. Manyan kaya a kwafe su da umarnin da ke ci gaba daga inda ya tsaya in rezo ya yanke:

robocopy Z:\Rahoto C:\Aiki\Rahoto /E /Z /R:5 /W:10

Rumbun bayanan lissafin kuɗi kuwa, irin na Access ko manhajar akanta, kada a buɗe shi ta VPN ko kaɗan. Yankewa ɗaya a tsakiyar rubutu tana iya lalata shi ga kowa. A shiga kwamfutar ofis ta Bureau à distance a yi aikin a can.

Abu biyu kuma suna kama da matsala alhali ba ita ba ce. Jan kuros da safe: Windows ta nemi faifan tun kafin ka kunna VPN, ko sabar ta saki haɗin bayan minti 15 ba motsi. Kunna VPN, danna faifan, zai dawo. Sai folda da ta buɗe amma fayilolin jiya babu: Fichiers hors connexion ne, wanda kan koma nuna maka kwafin da ke kwamfutarka da zarar jinkiri ya haura milisakan 35, abin da layin waya ke wucewa cikin sauƙi. Shiga Centre de synchronisation ka daidaita, kuma ka tabbata gyare-gyarenka sun tafi kafin a kashe Fichiers hors connexion ɗin.

Idan abin ya koma hannun mai kula

Wani zai kawo shawarar a buɗe ƙofa 445 kai tsaye ga intanet a huta da VPN. A ƙi. Dare da rana ake laluben wannan ƙofa a duniya, kuma albashin ma'aikata da takardun mutane ne a bayanta. Haka nan kada ka tura kalmar sirrinka ta WhatsApp, ko ga mai gyaran ne, don ba ya bukatarta.

Abin da yake bukata shi ne sakamakon gwajinka, da hoton allo na ipconfig /all da route print. Saƙo irin wannan ya isa: "Injiniya, barka da aiki. Ina Marwa a kan Wi-Fi na masauki, ya ba ni 192.168.8.101, VPN kuma 10.8.0.6. Gwajin ƙofa 445 ya ce False, kuma ta VPN ya fita. Na gwada ta waya, haka ne. Na kira ofis, a wajensu yana buɗewa. Jiya da yamma yana aiki." Da wannan zai wuce kai tsaye ya duba katangar sabar da hanyar komawa, ba sai ya sa ka sake saka manhaja ba.